Neman Surajo a Cikin Taro

A kasuwar Batsari, idan Malam Armaya'u ya ce matso in gaya maka wani sirri, to ka tabbata 'yan layin hatsi sun ji, mahauta sun ji, har masu awaki a can ƙarshen kara sun sami nasu rabon. Ba surutu ne ya yi masa yawa ba. Kunne ne ya tafi ya bar shi, shi kuma yake auna muryarsa da ɗan abin da ya rage masa na ji. Shekara ashirin da uku ya yi a tsaye tsakanin injinan saƙa, a wata masaka da ke Kakuri can Kaduna. Kunnen dama ya baro shi can gaba ɗaya, na hagu kuma ya dawo da rabinsa.

Yanzu ɗinkin buhu yake yi. Jarinsa basilla ne da zare da haƙuri. Manomi zai jibge masa buhu ashirin da ɓera ya buɗe wa tagogi, kafin la'asar ya zo ya kwashe su lafiya lau. In zare ya tsinke masa, yatsunsa kan ɗaura wani ɗan kulli kafin ka kifta ido, ko ka shafa ba za ka ji shi ba. Kullin masaka ke nan. Yakan ce shi kaɗai ne abin da ya fito da shi daga kamfani ba a tare shi a ƙofa an ce ya ajiye ba.

Maƙwabcinsa a rumfa Manu ne, Bafulatani mai sayar da igiyar shanu, wanda ya ɗauki tsokanar Armaya'u sana'a ta biyu. Da ya ga mai buhu ya zo, sai ya sassauta murya ya ce, "Ka ba shi duk abin da ka ga dama, ba ya jin ciniki."

"Na gani, Fillo!" in ji Armaya'u, da muryar da za ta tada kaji. "Na ga bakinka! Je ka gaya wa shanunka!"

Abin da Manu ke mantawa ke nan kullum. A ɗakin saƙa, inda inji ɗari uku ke bugawa lokaci guda, ba a magana da murya. Da hannu ake yi, da kallon baki. Armaya'u ya iya wannan tun Manu na bin maraƙi.

Armaya'u ɗan Karare ne. Shekarar da fari ya ƙone gyaɗar mahaifinsa, yana da shekara goma sha tara, ya hau bayan wata motar itace ya nufi Kaduna da riga biyu. A bayan motar nan ya haɗu da wani dogon saurayi siriri, wanda iska ke neman ɗauka duk lokacin da direba ya sha kwana, har sai da Armaya'u ya riƙe masa riga. Sunansa Surajo, daga wata unguwa a bayan Zakka. Riƙon rigar nan bai ƙare ba. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, layi ɗaya aka ba su, ɗaki ɗaya suka kama haya. Surajo mutum ne mai son waƙa, kuma duk waƙarsa a bakin inji yake yinta, saboda haka shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa jin muryar, har shi mai ita. Armaya'u yakan ce wannan wata rahama ce Allah ya yi wa ma'aikata.

Da suka yi aure, Armaya'u ya ɗauko matarsa Indo ya kawo ta Kakuri. Surajo bai iya ba. Mahaifiyarsa ba ta da ido, ba ta kuma da wani ɗa, sai matarsa Hansai ta zauna da ita a ƙauye. Yakan je gida ƙaramar Salla da babba, da kuma hutun shekara in an ba shi, da turmin atamfa a ƙarƙashin hammata. Idan aka tara kwanakin da Hansai ta yi da mijinta a shekara goma sha tara na aurensu, da ƙyar su cika shekara biyu. Ba ta taɓa taka Kaduna ba. Ba ta taɓa ganinsa cikin kayan aiki ba.

Wata Litinin da safe suka iso ƙofar masaka suka tarar da kwaɗo da takarda a manne. Takardar ta ce an dakatar da aiki na ɗan lokaci. Mutum dubu biyu da wani abu suka tsaya suna karanta "ɗan lokaci" suna maimaitawa. Sati uku bayan haka ƙungiyar ma'aikata ta kira zanga-zanga, aka fito, aka cika titi, aka sha barkonon tsohuwa, aka watse. Kwaɗon bai motsa ba.

Armaya'u ya jira wata biyar, ya tattara iyalinsa. Surajo ya ce shi sai ya ga an buɗe. Kullum da safe sai ya yi wanka ya je ya zauna a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya da ke fuskantar ƙofar, tare da wasu irinsa. Tarin da audugar kamfani ta shuka masa a ƙirji ya tashi masa a daminar nan. Armaya'u na shirin loda kaya a mota aka zo aka kira shi, aka ce Surajo ya cika. Shi ya yi masa wanka, a Kaduna aka binne shi, shi kuma ya kai wa Hansai jakarsa: riga uku, rediyo, da buta.

Shekara goma sha takwas ke nan.

Hoton Surajo guda ɗaya ne a duniya, wanda wani mai hoto ya ɗauke shi a Safana wata babbar Salla. Na katin aikinsa kamfani ya karɓe tun ranar da aka rufe. Hansai ta ajiye nata a ƙasan akwati, cikin fallen zane. Shekara huɗu da suka wuce, 'yan bindiga suka shiga unguwarsu suka cinna wa rumbuna da ɗakuna wuta. Ta tsira da zanen jikinta, ta koma Safana gidan 'yarta Adawiyya. Indo ta je yi mata jaje, ta dawo ta zauna a gefen kunnen hagu na mijinta.

"Malam, ba awakinta take kuka ba, ba gadonta ba. Cewa ta yi fuskar marigayi ta fara ɓace mata. In ta rufe ido sai ta ga hula, ta ga riga, tsakiya babu komai."

A ranar Armaya'u ya ɗinke wani buhu har da bakinsa, mai shi ya zo ya rasa ta inda zai zuba gero.

Ana cikin kaka, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga wata budurwa da dogon hijabi da jaka a baya ta tsaya a bakin rumfa ta yi sallama. Ta yi ta biyu. Manu ya ce, "Zagayo ta hagu, 'yata, can ne ƙofar take." Ta zagayo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da iyali da kasuwa da jiki. Sunanta Sadiqa. Mahaifinta ya yi aiki a sashen rini na masakar da Armaya'u ya yi wa aiki, ya rasu tana firamare. Tana haɗa fim ne, ba na soyayya ba, ba na rawa ba, na abin da ya faru da gaske: yadda aka rufe masakun, da yadda ma'aikata suka fito. Ta yi wata takwas tana bin tsofaffin ma'aikata gari-gari. A wajen wani mai ɗaukar bidiyon biki ta samo wani tsohon kaset, wanda ƙungiya ta ɗauke shi haya ranar zanga-zangar. An juye mata shi a kwamfuta. Abin da take nema shi ne wanda zai kalla ya gaya mata wane ne wane.

Armaya'u ya ajiye basilla. Ya tuna mai bidiyon sarai, wani gajere mai jar hula. Ya kuma tuna cewa da sassafe, kafin a fara tafiya, Surajo ya hau kan wata ganga ya yi wa 'yan layinsu magana da hannu, ana ta dariya.

"Akwai wani a kan ganga?"

"Akwai, Baba. Tun farko-farko ma."

"Allahu Akbar! Ina abin yake? Kunna!"

Ta ce kwamfutar tana Katsina, yau gaisuwa ta zo da neman izini. Ranar Alhamis za ta dawo da ita.

Mutum mai natsuwa zai jira Alhamis. Armaya'u kuwa, wanda duk rayuwarsa shi ne mai cewa a bi a hankali, ranar nan bai bi ba. Ko azahar ba a yi ba ya rufe rumfa ya isa gida, ya sa Indo ta kira Adawiyya a waya.

"Ki ce ta gaya wa tsohuwarta, ranar Juma'a za ta ga mijinta! Ba hoto ba! Yana motsi! Ni Armaya'u na yi mata alkawari!"

Indo ta ce da ya tsaya a ƙofar gida ya fuskanci kudu, da an huta da sayen kati.

Alhamis Sadiqa ta dawo. Aka shimfiɗa tabarma a zauren Armaya'u, ta buɗe kwamfuta, Indo ta leƙo daga ƙofar cikin gida. Hoton ya yi rawa, ya yi layi-layi, sannan ya tsaya. Ga ƙofar masaka, ga kwaɗo, ga dalbejiya. Ga mutane, fal titi, har inda ido ya ƙare. Ga kuma mutum a kan ganga yana ɗaga hannu.

Fuskarsa a rufe take da farin ƙyalle, daga ƙarƙashin ido zuwa wuya, ga hular aiki an ja ta har gira. Na kusa da shi ma haka. Na bayansa ma haka. Duk inda kyamara ta juya, farin akoko ne, irin yadin da bai shiga rini ba, a ɗaure a fuskokin mutane.

"Matsalata ke nan, Baba," in ji Sadiqa. "Minti arba'in, babu fuska ko ɗaya sai ta 'yan sanda. Na tambayi mutane da yawa wa ya kawo wannan shawara, kowa ya ce ya manta."

Akwai abin da zuciya kan ɗauke ta ajiye wa mutum a can ƙuryar da ba zai yi tuntuɓe da shi ba, ya yi shekaru yana wucewa ta gefensa. Yanzu ga shi an ɗauko an ajiye wa Armaya'u a kan tabarma. Shi ne. Shi ya shiga taron ƙungiya ana gobe za a fito, ya ce jama'a, mu yi tunani. Takarda ta ce ɗan lokaci. Ranar da za a buɗe, masu kamfani za su zauna su kalli bidiyon nan, duk fuskar da suka gani ba za ta sake shiga ƙofar ba. Muna da iyali. Aka ce Armaya'u ya yi hankali. Aka fito da bandir uku na akoko, shi da kansa ya riƙe almakashi. Da safe kuma, da gajeren nan mai jar hula ya ɗaga kyamara Surajo na kan ganga, shi ne ya sa tafin hannu ya rufe gilashin, ya nuna masa cewa sai an gama ɗaurawa. Surajo ya sauko yana dariya, ya ce shi ba ruwansa da ƙyalle, wa zai damu da wannan fuskar. Armaya'u ya kama shi ta baya ya ɗaura masa, ya ja da kyau don kada ya zame.

Wanda ke kan ganga a cikin fim ɗin sakataren ƙungiya ne, da tumbinsa aka gane shi.

"Ni ne," in ji Armaya'u.

"Kai ne a kan gangar, Baba?"

"Ni na kawo shawarar."

Indo ta janye kanta daga ƙofa.

Sai da suka kalli minti arba'in ɗin nan sau uku. Ya fara ba ta sunaye, tana rubutawa: wancan mai ɗingishi Bashir ne ɗan Funtuwa, wancan mai faɗin kafaɗa da ya cika gaban kyamara Tarna ne, wani Batibi ɗan layinsu, mai cin sakwarar mutum uku. Ya gane mutum talatin da ɗaya, ta tafiya, ta tsayuwa, ta yadda suke riƙe kwali. Amma bai ga Surajo ba. A kallo na uku, daidai inda hayaƙi ya fara tashi, ya daka tsawar da ta sa Sadiqa ta kusa yar da kwamfutar.

"Tsaya! Koma baya!"

A bayan kafaɗar Tarna wani siririn hannu ya ɗago sama da kawunan mutane. Ƙaramin yatsansa a karkace yake, inda ƙoshiyar injin saƙa ta taɓa karya shi. Hannun ya dunƙule, ya buɗe, ya yi kamar yana jan zare zuwa ƙirji, sau biyu. A ɗakin saƙa, ma'anarsa ita ce: zo nan, ina nemanka. Sai Tarna ya gyara tsayuwa, hannun ya ɓace. Sadiqa ta duba ƙasan allo. Daƙiƙa bakwai.

"Ni yake kira," in ji Armaya'u. "Mun rabu a cikin hayaƙin."

Da Sadiqa ta tafi masauki, ya gaya wa Indo cewa gobe ba zai je Safana ba. A kira a ce jikinsa ba daɗi. A ce kaset ɗin ya lalace. A ce hanya ba kyau, ai ba ƙarya ba ne.

Indo ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta matso ta hagu.

"Adawiyya ta kira ɗazu. Ta ce tsohuwa ta yi kitso. Ta sa lalle. Rabonta da lalle tun kafin wuta."

Washegari da hantsi suna cikin motar da Sadiqa ta ɗauko haya, shi a gaba, matan a baya. Daga Batsari zuwa Safana ba wata tafiya ba ce, amma bai taɓa ganin ta yi gajarta kamar ranar ba. Ana ta yankan dawa a gonakin bakin hanya, na can ciki kuwa ciyawa ta cinye su, ba mai zuwa.

Hansai ta tarbe su a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kara. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da sabon mayafi ruwan toka wanda ko karin guga bai sake shi ba. An share gidan, an yayyafa ruwa, an dama fura. Adawiyya ta tara 'ya'yanta huɗu ta zaunar da su a jere, an yi musu wanka kamar za a kai su Idi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutan Batsari, aka tambayi kaka, aka yi wa waɗanda suka riga mu addu'a. Armaya'u ya ja gaisuwar nan iya janta, har ya tambayi lafiyar akuyar maƙwabta.

"Malam," in ji Hansai, ta ɗaga murya yadda zai ji, "akuya lafiyarta lau. A nuna mani abokinka."

Ya yi niyyar ya yi mata bayani tukuna. Ya shirya maganar tun a mota. Amma da ya ga tafin hannunta ja wur da lalle a kan gwiwa, sai ya fasa, ya yi wa Sadiqa alama da kai. Ta ɗora kwamfutar a kan turmi, ta kai ta kusa da wajen hayaƙin, ta kunna.

Hansai ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta ga fararen ƙyallaye, ba ta tambaya ba. Idonta na bi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman tunkiyarta a garken wani. Sai Tarna ya cika allon, da faɗin kafaɗarsa da wuyansa mai ninki biyu.

"Ga shi nan," in ji ta. Ta ɗora yatsa a ƙirjin Tarna. "Ga shi nan. Adawiyya, ga babanku. Ku zo ku ga kakanku. Kai, Masha Allahu. Dubi yadda ya murje."

Yaran suka rufu a kan allon. Adawiyya ta sa gefen mayafi a ido. Sadiqa ta tsayar da hoton, ta ɗago ta kalli Armaya'u. Indo ma shi take kallo, ta ɗan girgiza masa kai: bar ta.

Zai iya barinta. Ba wanda zai taɓa sani, Tarna kansa an ce ya koma Binuwai tun tuni. Tsohuwa ta sami miji mai ƙiba, yara sun sami kaka, a sha fura a koma gida kafin la'asar. Amma can a gefen allon, a bayan kafaɗar da yaran ke shafawa, ga siririn hannun nan a tsaye a sama, yana tsakiyar kira. Ya rufe wa mutumin nan fuska sau ɗaya don yana ganin gata yake yi masa. Ya ji ba zai iya sake yi masa irin wannan gatan ba.

"Hansai," ya ce. "Ba shi ba ne."



"Wannan Tarna ne, abokin aikinmu. Marigayi ga shi nan a bayansa. Hannun nan. Iyakar abin da ke akwai ke nan. Fuskar babu, kuma ni na rufe ta. Ya ce ba ya so, na kama shi na ɗaura mashi. Na ce in an buɗe kamfani kada a gane shi a hana shi aiki. Kuma na yi maki alkawari ban duba ba. Ki yafe mani."

Hansai ba ta ɗauke yatsanta nan da nan ba. A hankali ta zame shi daga ƙirjin Tarna, ta haura kafaɗa, ta tsaya a kan hannun. Ta daɗe a nan.

"Ɗan yatsan nan," ta ce. "Da shi yake kasa riƙe ludayi."

Ta ce a sake. Sadiqa ta maido, hannun ya dunƙule, ya buɗe, ya ja, ya ja, ya ɓace. Ta ce a sake. Aka sake har sau biyar.

"Na san ba shi ba ne mai ƙibar," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Wani sashe na zuciyata ya sani. To amma duk zuwan da zai yi sai ya ce mani, a Kaduna kullum nama muke ci, hanya ce ke ramar da ni. Da na ga wanga sai na ce, ashe dai gaskiya ya faɗa mani."

"Yana ci," in ji Armaya'u da sauri. "Jikinsa ne ba ya riƙewa."

"Malam, yau ka fara gaskiya. Ƙarasa."

Ya sunkuyar da kai. "Gari da ƙuli. Ranar albashi mu sayi kifi."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa farashin abin da ta riga ta sani. Hawayen da suka zubo mata ba ta share su ba, suka bi ta cikin tsagar kumatunta suka sauka a sabon mayafin. Adawiyya ta kwashe yaran ta yi ɗaki da su. Furar na nan a ƙwarya, ƙuda na zagaye faifan.

"An buɗe kamfanin?" Hansai ta tambaya.

"Ba a buɗe ba."

"Ko sau ɗaya?"

"An ce har injinan an yanka an sayar wa 'yan gwangwan."

"To da an buɗe fa? Da yanzu ina nan ina sa maka albarka, ina cewa hankalin Armaya'u ne ya tsare mana abinci." Ta ja numfashi. "Kun yarda da takarda, shi ke nan laifinku. Ni ma na yarda da maganar nama. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Indo ce ta ce amin a madadin Armaya'u.

Sadiqa, wadda tun shigowarsu ba ta taɓa jakar kyamararta ba, ta tambaya a hankali ko Inna ta yarda a rubuta sunan marigayi a daidai wajen hannun, in fim ya fito.

"Rubuta. Surajo Abdulhakim, na bayan Zakka. Ki rubuta da manyan baƙi." Ta nuna jakar da haɓa. "Abin ɗaukar yana ciki?"

"Yana ciki, Inna."

"Fiddo shi. Adawiyya! Maido yaran nan." Ta gyara zama ta fuskanci haske, ta ja mayafin baya kaɗan har bakin sabon kitson ya fito, ta goge kumatu da bayan hannu. "Ki ɗauke ni da kyau, 'yata, duk da tsufan da komai. Kada wata rana waɗannan su zo suna nemana a bayan kafaɗar wani."

Sadiqa ta kafa ƙafafun kyamara a tsakar gida. Armaya'u ya miƙe a hankali zai koma zaure ya ba su wuri.

"Ina za ka, Malam? Dawo ka zauna nan gefe, kai ma a ɗauke ka. Cire hular, a ga goshin." Ta ɗaga murya don ta tabbata ya shiga ta hagu. "Kuma don Allah, har a gama, kada ka ba kowa shawara."

Ya dawo ya zauna a bakin tabarma, ya cire hular ya riƙe ta a cinya, ya ɗago fuskarsa.